Man Kududdufi

Shekarar da ƙanwata ta shiga ajin ƙarshe a jami'a, ni ina aure a Zoza, sana'ata matsar man gyada. Bayan damina ta sauko daga motar Rogo da kwali cike da kwalabe. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, kududdufin bayan gidanku yana nan da jan nan nasa?"

Yana nan mana. Gefe guda ruwan ya kwanta, ya yi ja kamar an zuba zoɓo, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ko shanu ba sa sa masa baki.

"Mai zan cire a ciki," in ji ta.

Na yi dariya har na zauna a kan turmi. Ta bari na gama, sannan ta ce jan nan wasu ƙananan halittu ne, bakteriya, ido ba ya ganinsu sai sun taru. Da hasken rana suke haɗa abincinsu, kamar ganye. Kowacce tana da tantani ninki-ninki inda take kama hasken, tantanin kuwa da maiƙo aka gina shi. Maiƙon malaminta ya sa ta bincika.

Na ce, "In dai mai ne, ai kin zo gidansa."

Kwana uku muna ɗibar ruwan. Takardar tacewarta ta yi ta toshewa, har ta fara ƙwalla. Na ce ta bar shi ya kwanta kamar gasara, mu tsiyaye ruwan sama. Haka kuwa aka yi, jan ya taru a ƙasa. Muka shanya a inuwa, na murje shi da bayan cokali, ta zuba sipirit ta girgiza, ta tace a faranti. Da ya kusa ƙafewa ta ɗiga a takardar da nake ƙunsa ƙuli-ƙuli.

Muka tsuguna muna jira. Sipirit ya bushe, tabo ya tsaya. Na ɗaga takardar a rana, sai ga haske yana ratsa wurin, sak takardar ƙosai!

"Wallahi mai ne!" Na rangaɗa guɗa, ƙanwata ta rungume ni tana tsalle. Surukata ta fito da sauri, ta karɓa, ta shinshina, ta ce, "Ikon Allah! To kar dai ku soya mana da shi."

Maigida ya dawo daga gona ya tarar ko wuta ban hura ba. Kafin ya buɗe baki na miƙa masa takardar na ce, "Ɗaga sama tukuna ka gani."