Bindigar da Na Zaɓa Don Kada Inna Ta Ji

Ina iya manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ban da makon da na sayi bindigar iska.

Na yi shekara da shekaru ina aikin malamin gona tsakanin Funtuwa da Malumfashi, sai rana ɗaya aka ce in je gida in huta. Hutun nan ya fi aikin wuya. Na gyara ƙofar da ba ta lalace ba, na koma leƙa tukunya ina ba da shawara a kan gishiri, har maiɗakina ta ce, "Malam, don Allah ka nemi abin yi, ko da jifa ne." Ni kuwa da ƙuruciya gwanin danƙo ne, sai na ɗauki maganarta da gaske. A wajen wani aminina na taɓa ganin bindigar iska da yake korar ɓeraye da ita a sitonsa na masara. Babu albarushi, iska ce ke tura 'yar dalma ƙarama. Ni ba ruwana da ɓera, gwangwanaye nake so in jera a bayan gida in riƙa gwada saiti.

Sai dai katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabcina, wani tela, kuma bai daɗe da ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ba, bayan 'yan bindiga sun shiga musu. Inna muke ce mata. Sai da dangi suka taru a kanta kafin ta yarda ta baro, kuma kullum cewa take in hankalinta bai kwanta ba, komawa za ta yi. Ƙauyen kuwa ba wurin komawa ba ne. Don haka na ƙudura cewa sai mai shiru zan saya, wadda Inna ba za ta ji ba.

A Funtuwa mai shago ya fito mini da guda uku. Ya ɗaga ta farko ya ce, "Wannan tana huda kwano."

Na ce, "Ba ni da faɗa da kwano."

"Wannan kuma daga nan har tsallaken titi."

"Bayan gidana taku goma sha biyar ne. Wadda ba ƙarfi, ba ƙara, ita nake so."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce tunda ya buɗe shago ba a taɓa zuwa neman wadda ta fi lalaci ba. Ya miƙo ta uku, ya ce in gwada a jikin buhun yashi. Shagon nan kuwa, injin niƙa ne a damansa, mai walda da janareta a hagunsa. Na harba.

Ya ce, "Ka ji wani abu?"

Na ce, "Me ka ce?"

Ya ɗaga murya: "Na ce ka ji wani abu?"

Na ce ban ji ba. Ya ce, "To ka gani." Na biya, na fito ina yaba wa kaina wayo.

Ban yi sakaci ba, a ganina. Na kai wa mai unguwa ya gani, na nuna wa 'yan sanda da 'yan sintiri, sannan na samu tela. Ya ce, "Malam, ba komai, amma kada a gaya wa Inna. Sunan bindiga kaɗai ya ishe ta." Muka shirya a haka, manyan mutane biyu, kowa yana ganin tausayi ya yi.

Na zaɓi bayan azahar, lokacin da unguwa ke yin tsit, wai don kada in dami kowa. Na jera gwangwanayen madara a kan bulo, na jingina wani tsohon langalanga a bayansu don kada dalma ta ɓata shafen katanga. Bindigar dai, gaskiya, ba laifi, 'yar ƙara ce kaɗan. Amma hannun da ya bar danƙo shekara arba'in ya manta hanya. Gwangwani na zaune lafiya, langalanga na shan duka: tas! tas! Kwana uku ina yi, har na fara jin daɗin ritaya.

Rana ta huɗu maiɗakina ta shiga gidan tela aron rariya, ta dawo babu rariyar. Ta ce, "Malam, ajiye abin nan." Wai ta tarar da Inna tsugune a bayan ƙofa, ta ɗaure kayanta a zane. Kwana uku ke nan, da an sallame azahar haka take yi, abincin rana ma ba ta taɓawa. Ba ta gaya wa kowa ba, don a wajensu in ka ji harbi ba ka magana, lafewa kake yi. Sai ranar ta buɗe baki ta ce a nema mata mota ran kasuwa. Tunda sun biyo ta har nan, gara ta mutu a ɗakinta na ƙauye.

Wallahi kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Na ɗauki bindigar, na yi sallama, na durƙusa a gaban Inna tare da ɗanta. Na yi bayanin iska, na zuba mata dalmar a tafin hannu. Ta jujjuya ta, ta ce, "To me kake harbi?"

Na ce, "Gwangwani, Inna."

"Me ya yi maka?"

Na roƙe ta gafara, na roƙe ta kada ta tafi. Sai ta kwance ƙullin kayanta a hankali.

Ta ce, "Na zauna, ɗan nan. Ka yi wasanka, ban hana ka ba. Amma duk ran da za ka harba, ka aiko a gaya mini tukuna, in sa takalmina. Wancan karon a ƙauye, ba takalmi na gudu."

Ban sake ɗana bindigar ba. Tun daga ranar na koyi cewa in zan auna ko abu zai dami wani, ba da kunnena ake aunawa ba, kuma ba a bayan idonsa ba. Zuwa zan yi in tambaye shi.