Jar Motar da ta Raba Lado da Tabarma

Duk wanda ya san Ƙofar Kaura ya san Lado mai gyaran rediyo, ko da bai taɓa kai masa aiki ba, don ba a wucewa ta gaban shagonsa wani abu bai bi ta tsakanin ƙafafun mutum yana ƙugi ba. Motocin wasa ne, irin waɗanda ake tuƙawa daga nesa da rimot. Mai tuƙin kuwa ya ba hamsin baya, gemu ya yi furfura, har da surukai.

Ɗan tela ne. Yana yaro ya kwance keken ɗinkin ubansa don ya ga abin da ke ciki, ya kasa mayarwa, aka yi masa dukan da bai tsaya ba sai Kano. Can ya koyi haɗa waya da narka darma, ya dawo Katsina da sana'a da baƙar magana, kuma ta biyun ta fi ta farkon kaifi.

Motocin nan alhazai ke zuwa da su tsaraba, yaran gari kuwa ba su barin abu da ransa. Yau a ba yaro, jibi an cire eriya, an tura ta kwata. Uwa ta gaji da tuntuɓe ta sayar wa 'yan gwangwan, masu bin gida gida suna sayen tarkace, su kuma su kai wa Lado. Sai ya ciro injin tsohon kaset ya dasa, ya yanko taya daga silifas, ya kankare tsatsa da reza, gawa ta tashi. Akwai wadda ya sa wa suna Soja, don in ta hau hanya ba ta jin a tsaya. Ba ya sayarwa, ba ya ba yaro ko taɓawa. Iyaye mata na unguwa sun tsane shi saboda haka, shi ma bai bar su da bashi ba.

Abu ɗaya ya riƙe Lado cikin mutane, ciyayya. Bayan magariba magidantan layin kan haɗu a ƙofar gidan Alhaji Haliru, kowa a fito da kwanon tuwonsa daga gida, a jera a kan tabarma, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Gurbin da Lado ke zama na ubansa ne. Kwanon matarsa Furera kuwa kullum a suɗe yake komawa, kuma da wannan take ɗaga kai a cikin mata. Su Alhaji ba su son Lado, amma suna son miyar kukar gidansa, shi ya sa ake ta haƙuri da juna kamar haƙori da harshe.

Shekarar da soja suka koma bariki, Alhaji Haliru ya zama shugaban jam'iyya na mazaɓa, hularsa ta ƙara tsawo. A shekarar kuma ya sake zuwa Makka. Cikin tsarabarsa akwai wata jar mota mai manyan tayu, ta autan amininsa Malam Yero, ya ba uban ya kai masa. Kafin ya miƙa sai da ya ɗaga ta a gaban jama'a, ya dubi Lado.

"Wannan ba irin tarkacenka ba ce," in ji shi. "Daga ƙasa mai tsarki ta hito. Kalle ta daga nan."

Lado ya kalla, ya haɗiye yawu, ya juya ya ci gaba da sha'aninsa. Wannan kaɗai ya isa a san akwai magana a gaba.

Daga ranar kullum sai Alhaji ya tambaya, "Malam Yero, ya motar yaro?" Malam Yero ya ce, "Tana nan, Alhaji, har kwana yake da ita." Alhali tuni yaron ya yi mata wanka a randa, ta mutu, uwarsa ta ba ɗan gwangwan ta karɓi robar wanki. Sayar da tsarabar Makka kuwa abin kunya ne, an raina wanda ya ɗauko ta ke nan tun daga can.

Da ɗan gwangwan ya zazzage buhunsa a shagon Lado, jar motar ta faɗo, babu taya ɗaya, cikinta duk laka. Lado ya gane ta kamar yadda uwa ke gane ɗanta a kasuwa. Ya rufe ƙofa ya shiga aiki. Rediyoyin mutane suka yi ƙura, masu su suna zuwa suna zagi, ga labaran miƙa mulki kowa na son ji. Ko a jikinsa.

Furera ta gan ta ta ce, "Malam, in ka gyara ka ɓoye ta a ɗaka. Ka san ko ta wa ce."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa nake goge ta."

Ranar da aka rantsar da farar hula, Alhaji ya dawo daga filin taro cikin babbar riga, yana ta bayanin yadda yanzu talaka ke da baki. An jera kwanoni, ana wanke hannu. Sai ga jar mota ta tsallako titi daga shagon Lado, tana sheƙi, ta kewaya buta, ta zo gaban Alhaji ta tsaya cak. Lado na zaune a gurbinsa, hannu a ƙarƙashin riga, rimot a ciki.

Alhaji ya dubi motar, ya dubi Malam Yero. "Ba ka ce yaro na kwana da ita ba?"

Malam Yero ya shiga neman wani abu a cikin aljihunsa, bai samu ba.

"Yana kwana da ita mana," in ji Lado. "Sai dai yaron ya yi gemu."

Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari.

"Lado," in ji Alhaji, muryarsa a ƙasa, "mi ka ɗauke mu? Ka kunyata dattijo a gaban mutane saboda abin wasan ɗiya?"

"Ni ban kunyata kowa ba, ranka ya daɗe. A bola na tsince ta, na yi mata sutura."

"To ka maida ta gidan da na kai ta."

"A sake yi mata wanka?"

"Tsarabata ce."

"Tsarabarka ta zama robar wanki, tana nan gidan Malam Yero, kana iya zuwa ka gaishe ta."

Alhaji ya gyara hula. "Zaɓi ɗaya. Ko motar ta koma, ko ka koma."

Lado bai zaci abin zai kai ga tabarma ba. Ya dubi mutanen da ya yi shekaru yana haɗa hannu da su a kwano, yana lissafin ko miyar Furera za ta cece shi. Bakinsa dai ya riga hankalinsa.

"Ai yanzu ba mulkin soja ake ba," ya ce. "Kai ka faɗi da bakinka. A tambayi jama'a."

"Madalla," in ji Alhaji. "Bisimillah, jama'a."

Aka buɗe kwanon Alhaji aka cinye. Aka buɗe na Malam Yero, wanda miyarsa ko akuya sai ta yi shawara, aka suɗe tas. Da aka zo kan na Lado, mai buɗewa ya tsallake shi ya jawo na gaba. Babu wanda ya ɗaga kai. Ƙanshin daddawa na fita ta gefen murfi, manyan mutane suna haɗiyar yawu, amma ba hannun da ya miƙa.

Lado ya jira har aka gama. Ya tashi, ya ɗauki kwanon da hannu ɗaya, zafinsa bai ko huce ba, ya ɗauki motar da ɗayan, ya tsallaka titi. Furera ta karɓi kwanon a zaure, ta ji nauyinsa, ba ta buɗe ba.

"Wa ya rasu?" ta tambaya.

"Ba kowa."

"To gobe motar ta tuƙa maka tuwo."

Furera ta ci gaba da tuƙawa dai, amma ƙaramin kwano, na mutum guda. Lado kan shimfiɗa buzu a ƙofar shagonsa, daidai inda su Alhaji za su gan shi, ya ci yana kallonsu, su ci suna kallon ƙasa. In sun haɗu a masallaci sukan gaisa har da tambayar iyali da gajiya, kowa na duban kafaɗar ɗan'uwansa. Dattawa sun yi ta shiga tsakani, Alhaji ya ce a dawo da mota, Lado ya ce a fara buɗe kwano. A gurbin ubansa kuwa yanzu buta ake ajiyewa.