Ranar da Yaya Ya Daina Sa Firi

Muna idar da sallar asuba muka bar Ƙofar Kwaya muka nufi Kano, ni da yayana, a tirelar lantarki da kamfaninsu ya ba shi gwaji. Shekara da shekaru mai shan dizal yake ja. An faɗa masa in batir ya mutu a hanya, wani matashi za a ba motar, shi ya je ya huta. Yaya kuwa, wallahi, bai iya zaman gida ba.

Motar ba ta da ƙara, sai gurnanin taya. A Kankiya muka tsaya shan shayi, mai shayin ya durƙusa yana neman inda hayaƙi ke fita. Ƙosai ya ƙara kuɗi, ya kuma ƙanƙance kamar ƙwayar magani.

A Kano aka cika batir, aka loda buhunan sukari, muka juyo. Nan hankalina ya tashi. Yaya na da ɗabi'ar tsofaffin direbobi: da ya ga gangara sai ya cire giya ya sa firi, wai tsimin mai. Lambar batir a allo tana ta sauka, shi yana ta share gumi.

Mun wuce Bichi, sai ga garken shanu a gindin wata gangara. Ba su ji zuwanmu ba, makiyayin ma bai waiwayo ba. Yaya bai samu damar sa firi ba, ya ɗage ƙafa daga totur ya danna hon. Motar da kanta ta riƙe gudu kafin ya taka birki. Muka tsaya lafiya. Na dubi allo, lamba ta hau!

"Yaya, ta ƙaru hwa!"

Ya leƙo ya dubi allon. "Ikon Allah. Ashe ni ke hana ta cin abinci."

Ashe in tana cikin giya, gangara caji take ba ta. Bai sake taɓa firi ba. Kowane ƙauye kuma sai ya rage gudu ya yi hon, don mutanenmu da kunne suke tsallaka titi.

Mun iso kafin magariba da sauran caji, aikin Yaya ya tsira. Ni dai na koyi cewa dabarar jiya kan zama ɓarnar yau.

A gida muka tarar da Inna kan tabarma tana jan carbi, duk ta damu. Da rugugin inji ta saba gane dawowar ɗanta, yau ba ta ji komai ba. Tun ranar, in Yaya ya shigo unguwa, sai ya yi hon sau biyu. Na Inna ne.