Baba Famfo da dankalin Goggo

Kafin kowa ya ɗora ruwan shayi a gidanmu, Baba Famfo ya riga ya fito barandarsa. Baranda ce dai a suna. In mutum biyu suka tsaya a cikinta, dole ɗaya ya shanye tumbinsa. A nan, can hawa na ƙarshe, ya jera tsofaffin bokitan fenti, kowanne cike da ƙasa, kowanne da huji a gindi. Sai ya durƙusa, ya cusa yatsa cikin na farko, ya zaro ya duba. In ƙasa ta manne wa yatsan, ya wuce. In ta kaɗe, ya ba shi ruwa kaɗan, kamar mai ba jinjiri magani. Sai ya gama da su kaf sannan zai rataya jakar ƙarafunansa ya sauko, yana kasa kunne a bango ko akwai bututun da ke kuka.

Haka muka taso muka gan shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana toshe huji a gidajen mutane, in ya samu bokiti mai lafiya sai ya ɗauko ƙusa ya huda shi. Watan jiya ya ajiye aiki. Gwiwa ta ce ta gaji da bene, 'yarsa ta zo ta tafi da shi.

Gidanmu kuwa gidan manya ne, kowa ya sani, don su suke faɗa. Akwai Injiniya, wanda har yau ba a ga ya ɗaura ko ƙwan fitila ba. Akwai Madam ta hawa na biyu, mai goge furen roba da tsumma kowace safiya. Sun taɓa zaman taro guda a kan bokitan Baba, wai suna zubar da darajar gida in an hango su daga titi. Wanki da ke reto a kowace taga bai zubar da ita ba, sai ganye.

Dankalin turawa ne a bokitan, amma ba irin na kasuwa ba. Ƙanana ne, masu jan bawo. Matarsa, wadda duk gida ke kira Goggo, ita ta zo da irin a ƙulle a bakin zane daga gonar mahaifiyarta, ranar da suka tare. Ta leƙa barandar ta ce, "A nan za ka ajiye ni, sama ba sama ba, ƙasa ba ƙasa ba? To, ka nemo min ƙasa." Ya yi ta hawa da ƙasa a buhu har ta ce ya isa. Da Goggo ta rasu, bai sayi wani iri ba. Duk girbi sai ya ware masu girman ƙwai ya ajiye a duhu har su fitar da ido, ya yanka, ya barbaɗa toka, ya sake binnewa. Ƙasa kaɗan yake fara sawa, tsiro na tashi yana ƙara masa, har bokiti ya cika. Bai taɓa cewa "dankalina" ba. Dankalin Goggo yake cewa.

Lokacin da mijin Malama ta hawa na uku ya rasu, ta rufe ƙofa ta daina fita. Manya suka yi ta shiga da manyan kalmomi. Baba ya bari sai da ƙafa ta ɗauke, ya ƙwanƙwasa rungume da bokiti.

"'Yata, barandata ta cika. Riƙe min wannan, rana ta fi kyau a wajenki."

"Baba, ni kaina ban iya riƙewa ba."

"Ai ba goya shi za ki yi ba. Yatsa kawai za ki sa masa da safe."

Ranar da ke wajenta ita ce ke wajensa, bango ɗaya ne. Amma dole ta tashi kullum ta zuge labule. Da girbi ya zo, ya shimfiɗa buhu a bakin matakala ya ce ita za ta kifa bokitin. Dankali ya gangaro, ɗaya ya bi matakala da gudu, Malama ta bi shi ba takalmi. A ranar aka sake jin dariyarta. Haka ya yi wa Direba da aka sallame shi daga aiki, ya koma kwana har azahar. Baranda ba ta taɓa cika wa Baba ba sai in wani a gidan ya shiga wani hali.

Kai ne, Baba, mai toshe na ɓarna, mai huda na amfani. Kai ne ba ka iya ta'aziyya da baki ba, sai ka kawo wa mutum aiki. Ba ka taɓa tambayar kowa me ke damunsa ba, sai dai ka tambaye shi ya ganye.

Sai ga shi an yi wa Baba aiki a gwiwa. Daga asibiti 'yarsa ta wuce da shi gidanta jinya, aka daɗe. Duk irin da yake da shi yana cikin ƙasa, bai rage ko ɗaya a ajiye ba. Makullin ɗakinsa na hannun Malama, wanda ya tambaya ta ba shi. Ana nan ganye ya fara yin rawaya yana kwanciya. A wajen dankali, wannan alamar nuna ce, lokacin ɗauke masa ruwa ke nan. Malama da Direba sun taɓa ganin haka, amma da Baba a kusa, shi ke cewa a tsaya. Yanzu ba ya nan, tsoro ya kama kowa: kada dankalin Goggo ya mutu a hannunmu. Malama ta shayar da safe. Direba ya shayar da rana, bai gaya mata ba, don yana son a ce shi ya cece su. Masu taron darajar gida ma suka riƙa hawa a ɓoye da buta. Injiniya ya duba ya gano matsalar: ruwa na zurarewa ta ƙasa. Ya samo leda ya toshe hujin duka. Aikin injiniyancinsa na farko ke nan da aka shaida.

Ranar da Baba ya dawo tattara kayansa, Direba ne ya goyo shi har sama, muka biyo su a baya. Wari ne ya fara tarbarsa. Ya sa yatsa, yatsan ya nutse. Ya ce a shimfiɗa buhu. Aka kifa na farko, taɓo da ruɓa. Na biyu haka. Har na ƙarshe.

"Kun shayar da su kuwa," in ji shi.

"Sosai, Baba," Direba ya ce da ƙaramar murya.

"Na gani."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da mun samu sauƙi. Ya zauna a kan bokitin da aka kifa, ya goge yatsansa a gefen wando, ya daɗe yana kallon taɓon.

"Shi ke nan," ya ce. "Goggo ta kwashe kayanta."

Malama ta juya fuska bango. Injiniya ya shiga karanta silin. Sai aka ji tari daga baya, irin tarin da ake yi da ɗan hankici. Madam ce.

"Baba... akwai fa wanda na ara."

Ashe kafin ya tafi asibiti, da dankalin ya yi fure, ta hau ta ari bokiti ɗaya saboda za ta yi baƙi. Ta naɗe shi da ƙyalle mai sheƙi ta ce musu furen ƙasar waje ne. Baba ya ɗauka ta mayar. Ita kuwa da ganyen ya fara muni, kunya ta sa ta tura shi bayan injin wanki ta manta da shi.

"Kin shayar da shi?"

"Wallahi, Baba, ban samu lokaci ba."

"Allah ya yi miki albarka."

Aka sauka da gudu aka hauro da bokitin. Baba ya ce Madam ta kifa. Ta tattare hannun riga, ta kawar da kai, ta kifa. Ƙasa ta zube a bushe, ga su nan jajaye, ƙanana, lafiyarsu ƙalau. Baba ya ɗauki ɗaya ya murza da babban yatsa, ya kai hanci. Madam, da farcenta da komai, ta durƙusa tana tona sauran da hannu tana ihu, "Ga wani! Ga wani!"

Bai ci ko ɗaya ba. Ya raba su gida gida, ya ce a sa a kwali, a duhu, kada a taɓa sai sun fitar da ido. 'Yarsa ta ce, "Baba, ka ɗauki ko biyu mana." Ya ce, "Tagar ɗakin nan naki bango take kallo. Ni zan iya zama, Goggo ba za ta iya ba."

Mun gode, Baba Famfo. Mun gode da ruwan da ka kawo mana cikin ɗaka, da wanda ka hana ya cinye mu. Ku kuma masu karatu, in maƙwabcinku ya rufe ƙofa, ba sai kun iya magana ba. Ku nemi wani abu mai rai ku ce ya riƙe muku.

Shekaranjiya Malama ta buɗe kwalin dankalinta, ta ƙwala kira har aka ji ta a ƙasa. Muka taru aka buga wa Baba waya.

"Goggo ta buɗe ido?" ya ce.

"Ta buɗe, Baba."

"To, ku nemo mata ƙasa."