Takardar Tashin Kyaftin Pam

Jama'a, wannan ba ji na yi a bakin wani ba, wallahi da ni ya faru, a daminar shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Lokacin ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ina aiki a filin jirgin saman Kano, a ofishin da matuƙa ke kawo takardar tsarin tafiya. Ga wanda bai sani ba, jirgin da zai shiga gajimare, inda matuƙi ba ya ganin komai sai na'urorin gabansa, ba ya ɗagawa sai an kawo mana takardar nan awa guda kafin tashi, an rubuta hanyar da zai bi, da tsayin da zai hau, da awa nawa mansa zai kai shi, da yawan mutanen ciki, da filin ko-ta-kwana, wato inda zai sauka in wanda ya nufa ya ƙi saukuwa, sannan ya jira hasumiyar masu kula da tashi da saukar jirage ta ba shi izini. Kai, lokacin nan aiki ya yi armashi! 'Yan siyasa sai shatar ƙananan jirage suke zuwa Abuja, kowa babbar riga na jan ƙasa.

Ran nan da safe na biya Tarauni in kai wa ƙanwata saƙo, sai tayar Vespata ta yi faci. Ina tsaye wajen mai faci, sai ga wani dattijo da koɗaɗɗiyar kwat da lema a hannu, ya ce, "Malam, kai ne mai karɓar takardun jirgi ko?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Yau za a kawo maka wata, mutum bakwai, Abuja, filin ko-ta-kwana Kaduna. Ka ce a mai da shi Kano, a ƙara mai." Na buɗe baki zan tambaye shi ina ya san ni, ya shige lungu abinsa. Na ce a raina, oho, masu taɓin hankali iri-iri ne.

Ina isa ofis, ko zama ban gama yi ba, sai ga Kyaftin Pam, wani matuƙi mutumin Filato, mai barkwanci, ya ajiye takarda. Na duba. La ilaha illallahu! Mutum bakwai, Abuja, Kaduna. Ni fa ba ni da ikon hana shi, takardarsa ta cika ƙa'ida, masu hasashen yanayi ma sun ce garau. Na dai ce, "Kyaftin, don Allah mai da Kadunan nan Kano, ka ƙara mai." Ya yi dariya ya ce, "Malam, yaushe ka zama boka?" Na ce, "Ka yi mini wannan kawai." Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya ja biro ya gyara.

Ƙarin man nan ya ci kusan minti arba'in. Wani Alhaji cikin fasinjojin ya hauro har ofis yana kumfar baki, wai zan sa su makara taro, sai ya ga an kore ni.

Suka tashi. Ba a yi awa ba hadari ya rufe Abuja, ya haɗa har Kaduna, ruwa da iska, babu mai sauka. Suka yi ta shawagi, daga baya suka juyo. Da na hango jirgin nan ya ɓullo ta ƙasan gajimare, wallahi tsalle na yi ina kabbara kamar ƙaramin yaro, abokan aiki suna kallona!

Kyaftin ya shigo jiƙe da gumi, ya rungume ni, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Waye a hasumiyarku yake magana da Hausa?" Na ce babu, da Turanci ake yi. Ya ce, "Ina cikin hadarin nan, ina niyyar gwada Kaduna, wata murya ta tsoho ta ce mini a kunne, juya gida, ɗana." Muka je aka kunna faifan da ke naɗar duk maganar rediyo. A daidai wurin, shuuu kawai ake ji, sai muryar Kyaftin shi kaɗai yana cewa, "To, Baba."

Har yau in na tuna "To, Baba" ɗin nan sai tsigar jikina ta tashi. Ni dai shawarata, duk takardar da aka ce ku cike kafin tafiya, ku cike ta da gaskiya, kuma in baƙo ya tare ku da magana a hanya, ku tsaya ku ji ƙarshenta.