Sabarar da ta koma kuka

Jama'a, yau Goggona ta gama da ni a gaban 'yan ajinmu!

Kun san aikina na kammala digiri a kan ganyen sabara ne. Da kaina na je Maruda na tsinko, na kai wa Goggo a Gwandu. Na ce ta shanya a inuwa sati biyu, ta daka ta aiko. Yaya Bello ya kawo mini garin har makarantarmu a Kalgo, ƙulle a leda.

Shekaranjiya na jiƙa rabi a sinadarin itanol, rabi a ruwa. Yau na zo tacewa a ɗakin gwaji. Na ruwan ya ƙi wuce takardar tacewa! Na ɗaga cokali, sai yauƙi har ƙasa!

Mai kula da ɗakin gwajin ya sunsuna, ya ce, "Malama, wannan ai kuka ce. Daddawa kawai ta rage."

Kowa ya fashe da dariya.

Na fita na kira Goggo a waya.

Ta ce, "Ayya ɗiyata, maƙwabciyarmu ta haihu, babu sabarar wankan jego, sai na ba ta. Ganye ai ganye ne!"

Na ce, "Yaya Bello ya sani?"

"Ai shi ne ma ya sawo kukar."

Mutumin da ya miƙo mini ledar yana cewa Allah ba da sa'a!

Litinin zan miƙa sakamako. Ina kuka, Goggo na cewa in akwai saura in maido mata, za ta yi miya.