Baba Sanda ya tsaya a kan sunana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin hura gawayi da safen nan wani direban gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, ya leƙo ta taga ya ce, "Ilu, sai haƙuri. Baba Sanda ya rasu a gidansa na Treichville." Ya ja motarsa ya bar ni da mafici a hannu.

Wallahi na gaji. Ko kuka ya ƙi zuwa.

Ku kun san shi a rediyo da wayoyinku, mai gurmi, mai murya. Ni a bencina na san shi. Shayi nake sayarwa, teburina yana layin bakin titin nan na Bromakoté, cikin unguwar Adjamé, kafin a rushe shi. In Baba ya shigo Adjamé sayen goro sai ya zauna, ya kurɓa, ya yamutsa fuska: "Ba'adare, wannan shayi ne ko ruwan wankin kofi?" Ya shanye tas, ya ce a ƙaro.

Ranar da matata ke naƙuda shi ya tsare min tebur. Mutumin da ake turereniya a gani, ga shi yana zuba wa masu amalanke shayi. Ya kusa ƙarar min da sukari.

Baba bai taɓa sa sunan mai mulki a waƙa ba, ba yabo ba zagi. Lokacin zaɓe manyan motoci su cika ƙofar gidansa, ya ba su ruwan sanyi, ya raka su.

Da katafila ta share layinmu, samari suka yi masa ca a gida, wai ya yi waƙa ya zagi wanda ya ba da umarni. Ya ƙi. Nan dandalin sada zumunta har an rubuta an saye shi, wasunku sun gani.

Abin da ya ce musu ke nan: "Ko zaginsa na yi, sunansa na rera. Shi hotonsa na kowane bango. Maman Awa mai aceken rogo fa, wa zai faɗi inda teburinta yake?"

Sai ya kama wata waƙa, sunayen mutanen layinmu zalla, bi da bi, daga falwayar bakin hanya har masallaci, kowa da sana'arsa. Mun riga mun watse, wasu Abobo, wasu sun koma gida Nijar. Duk wanda Baba ya gamu da shi cikinmu sai ya tsare shi: wa ke damanka, wa ke hagunka? Bai shiga situdiyo da ita ba, ya ce ba ya ɗaukar waƙa da giɓi.

Na taɓa ce masa, "Baba, waƙa ba ta maido tebur."

Ya ce, "Zagi ma ba ya maidowa. Amma a san an yi ku."

Ganinmu na ƙarshe ranar wata Juma'a ce, na je duba shi. Ya rame, gurmin na rataye a ƙusa. Ya ce in zauna in ji inda aka kwana. Yana rerawa a hankali yana buga gwiwarsa: Maman Awa, Sani mai gyaran waya, Dije mai fura, Ilu mai shayi. Nan ya tsaya, ya dube ni.

"Wa ke bayanka?"

Jama'a, ina ganin fuskar mutumin har yanzu. Dattijo ne mai sayar da kwaɗo da makulli, farar hula, ba ya son madara a shayi. Shekara da shekaru muna kafaɗa da kafaɗa. Tsoho muke ce masa, kowa Tsoho. Ban san sunansa ba.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Je ka nemo, Ba'adare. Ina nan ina jira."

Na yi cigiya a unguwar Indénié, na yi cikin kasuwa. Kowa ya tuna shi, ba wanda ya san inda ya nufa.

Allah Ya jiƙan Baba Sanda, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

In kuma akwai wanda ya san sunan dattijon nan mai makulli, ya rubuta min a ƙasa. Sauran layin har masallaci na haddace. Shi kaɗai ya rage.